Kujerun Makoki Ranar Ƙwallo

Asabar, 14 ga Rajab 1423

Matata Sabuwa ta rasu shekaranjiya, Alhamis, bayan la'asar. An yi mata salla a Haramin Madina da asubar Juma'a, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Na rubuta ne don in gan shi a rubuce. Na gani. Babu abin da ya motsa.

Littafin awo ne wannan, na shagon ɗinki. Na juya shi na fara ta baya.

Lahadi, 15 ga Rajab

Rana ta uku ta zaman makoki. Ɗan'inna, maƙwabcinmu mai ba da hayar kujeru a wajen biki, shi ya kawo kujeru sittin ya jera su a layi, hagu da dama, ya rataya ƙwayayen lantarki a sama kamar yadda ake yi a garin nan. Ni da ɗana Suhaib muna tsaye, mutane suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa kafaɗata ya ce Allah Ya girmama ladanku. Ina amsawa kamar kaset. Kafaɗar ce kawai ta san an zo.

Yau ma akwai wasa a filin kwalejin da ke bayanmu. Motoci suna zuwa bakin layi, su hangi kujeru da fitilu, su ja da baya salin-alin. Ko ɗaya ba ta shigo ba. Shekara goma sha ɗaya muna unguwar Ƙurban, ban taɓa ganin layin nan fayau a ranar wasa ba sai yau. Ɗan'inna ya raɗa min hakan a kunne, har yana washe baki, sannan ya tuna inda yake.

Litinin, 16 ga Rajab

'Yata Marwa ta koma Badr wajen mijinta. Kafin ta tafi ta ce in faɗa mata yadda uwarta ta cika. Na ce zuciya ce. Ba ƙarya na yi ba, amma ba shi ke nan ba. Bari in zuba shi a nan.

Duk Lahadi da Alhamis ake wasa, kwaleji da kwaleji. Wajen ajiye motocin filin bai fi tafin hannu ba, don haka tun azahar ɗalibai da magoya bayansu suke cika mana layi. Su buɗe bayan mota, su shimfiɗa darduma a kan kwalta, su hura gawayi, a gasa nama, a dafa shayi, a buga ganga. Da la'asar su kulle motoci su duru cikin fili. An yi faɗan, an kai ƙarar, an gaji. Abin da ya rage mana ƙa'ida ce guda, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: in ka tare ƙofar mutum, ka cire motarka daga giya, kada ka ja birkin hannu. Mai gida in zai fita sai ya tura ta gaba kaɗan. Da haka muke rayuwa.

Ranar nan Sabuwa tana wanke shinkafa ta ce ƙirjinta. Ta zauna a ƙasa, tana gumi. Na ruga na buɗe ƙofar gida in fito da motarmu, sai ga wata jar mota a gicciye, baki da baki da ƙofar. Na tura, ko gezau. Birkin hannu a jaye, gilashi a rufe. Mu takwas muka taru muna ɗagawa, muka gusar da ita kamu ɗaya, motar gabanta ta tokare. Motar asibiti ta zo ta tsaya can bakin titi, ba hanyar shigowa.

A bargo muka ɗauke ta. Muna bin tsakanin motoci a karkace, muna tsallake dardumai da kaskon gawayin da aka bari yana hayaƙi. Takalminta ɗaya ya faɗi, ban tsaya ba. Kafin mu kai titi na ji bargon ya ƙara nauyi. A daidai nan ihu ya tashi daga cikin fili, an ci ƙwallo.

Na tambayi likita ko da mun zo da wuri. Ya juya tafukan hannunsa sama ya ce Allah ne masani.

Takalmin wata yarinya ta tsinto ta kawo jiya. Yana bayan ƙofa.

Alhamis, 19 ga Rajab

An kwashe kujeru, motoci sun dawo.

Ashe ranar nan, muna ɗaga mota, Suhaib ya haddace lambarta. Ya rubuta ta da alƙalamin ƙarfe a bangon ɗakinsa, saitin inda yake sa kai. Jar mota ce, fitilar bayanta ta hagu a fashe, da koren tambari a gilashi. Yau ya buɗe but ɗin motarmu ya ɗauko ƙarfen kwance taya, ya zauna a bakin ƙofa tun azahar yana bin kowace jar mota da ido. Ba ta zo ba. Wani yaro ya matso zai ajiye tasa kusa da ƙofarmu, Suhaib ya tashi ya fasa masa madubin gefe.

Ɗan sanda ya zo. Ɗan'inna ne ya shiga tsakani, shi yana da katin ɗan ƙasa, bakinsa yana da nauyi. Ya ce maraya ne, uwarsa ko mako ba ta yi ba. Ɗan sandan ya karɓi iƙamar Suhaib, takardar zamansa, ya juya ta gaba da baya, ya miƙa masa. Ya ce wannan karon don mamaciya, karo na biyu kuma kurkuku ne sannan jirgi.

Suhaib a asibitin Madina aka haife shi, shekara ashirin da uku ke nan. Amma takardarsa Chadi ta ce, kamar tawa. Bai taɓa ganin Njamena ba ko a mafarki, ba shi da kowa can. Hausa ma ji kawai yake yi, in na yi masa sai ya amsa da Larabci. In ya ɗora ƙarfen nan a kan ɗan wani, na rasa shi ke nan, ba dawowa.

Na san ya kamata in ji tsoro. Na laluba ban same shi ba. Na dai san yana nan wani wuri, kamar almakashin da ka ajiye ka manta inda ka sa.

Juma'a, 20 ga Rajab

Fatna matar Ɗan'inna ta aiko da tuwo miyar kuka. Na cinye. Da ruwan zafi ta aiko ma duk ɗaya ne.

Asabar, 21 ga Rajab

Ɗan'inna ya zo shago da wata dabara, yana ta kewaye-kewaye kamar mai neman aron wando. Wai tunda an ga 'yan ƙwallo suna jin kunyar kujerun makoki, me zai hana a riƙa jera su duk ranar wasa, a kunna fitilu? Ba sai an faɗa min ba, daren Alhamis ake bukukuwa, motarsa ta kujeru kuma ba ta iya fita. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na ce masa makoki kwana uku ne. Ya ce wa ya ambaci makoki? Kujeru ne muka ajiye a ƙofar gidajenmu, wanda ya zaci wani abu shi ya jiyo. Sai dai ana bukatar mai zama, kujera ba kowa ba ta hana mota. Ni kuma fuskata, in ji shi, ba sai an tambaya ba.

Ya kamata in kore shi. Na ce to. Dalilina guda ne: motar da ba ta shigo layi ba, ba za ta haɗu da Suhaib ba.

Lahadi, 22 ga Rajab

Ta yi aiki. Layi fayau.

Abin da ba mu yi tunaninsa ba, mutanen garin nan ba sa wuce makoki. Wasu sai su ajiye mota can nesa, su tako da ƙafa, riga mai launin ƙungiyarsu a wuya, su dafa ni su yi addu'a, su zauna minti biyu. Ba su san ni ba, ban san su ba. Wanda ya zauna kuwa dole a ba shi gahawa. Na ɗora wa Suhaib aikin. Buta a hagu, 'yan kofuna a dama, haka ake yi. Hannu biyu duk a cike, abin da nake so ke nan.

Ƙarfen ya naɗe shi a buhu ya tura ƙarƙashin kujerar ƙarshe, ta jikin ƙofarmu. A zatonsa ban gani ba. A kanta na zauna.

Alhamis, 26 ga Rajab

Malam Issoufou, limamin masallacin layi, ya tare ni bayan magariba. Mutumin Damagaram ne, ba ya kwana-kwana. Ya ce abin da muke yi ba shi da asali, muna kuma sa bayin Allah suna ta'aziyya bisa yaudara. Na ce ai matata ta rasu da gaske. Sai ya ce:

"Malam Ƙasimu, Sabuwa ba shingen mota ba ce."

Wannan ta ɗan shige ni, kamar allura ta ratsa yatsa. Kafin in iso gida wurin ya rufe.

Laraba, 3 ga Sha'aban

Na yanke hannun jallabiyar wani ya gaza da yatsa uku. Shekara talatin rabon da in yi haka. Na duba na ajiye.

Alhamis, 4 ga Sha'aban

Asiri ya fara tonuwa. Wani ɗalibi ya leƙo ta taga yana tambayar wace annoba ce ta sauka a layin nan da ba ta kashe mutum sai ranar wasa. Abokansa suka kwashe da dariya. Ɗan'inna ya bi su da zagi har bakin titi, hularsa a hannu. Wani dattijo kuma da ya taɓa zuwa ya sake zuwa, ya riƙe hannuna yana girgiza kai, wai wa kuma na sake rasawa. Na ce ita ɗin ce dai. Ya ce Allah Ya ba da haƙuri, ya tafi yana waige.

Duk da haka ba wanda ya shigo da mota. Ko suna zargi, ba mai son ya zama shi ne ya taka makokin gaskiya.

Talata, 9 ga Sha'aban

Marwa ta buga waya. Ta ce in turo Suhaib Badr, mijinta yana neman mai taya shi a gonar dabino, ya yi wata biyu har a gama wasannin. Na faɗa masa muna cin abinci. Na ce masa ƙarfe ba ya tayar da mamaci. Na ce uwarsa ba za ta so ba. Maganganun da ake faɗa dai, ni kaina na ji ba su da gishiri. Ya tsame hannu ya ce halas, Abuya, wato shi ke nan Baba, ya shige ɗaki.

Motarmu tana tsakar gida tun ranar, ba wanda ya tayar da ita. Tayar baya ta sace, ta kwanta a ƙasa.

Alhamis, 11 ga Sha'aban

Mako huɗu cif.

Ban san ta inda zan fara ba. Kujeru a jere, ana dab da la'asar, Suhaib ya shiga ciki ƙaro gahawa. Sai ga motar a bakin layi. Ja. Ta tsaya, ta ja da baya za ta juya, na ga fitilar hagu a fashe, na ga koren tambarin. Na ce a raina tafi, don Allah tafi. Ta je can ƙarƙashin bishiya ta tsaya tsaf, ba ta tare kowa ba. Mai ita ya fito, ya gyara mayafin kansa, ya nufo mu.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kujerun da na zauna a kai don su raba su, su suka kawo min shi har ƙofa.

Yaro ne, ba zai kai Suhaib ba. Baƙi kamar mu, siriri, farar jallabiyarsa ta sha guga. Ya dafa kafaɗata ya yi addu'a da Larabci mai kyau, ya sumbaci kaina. Ya ce sunansa Saif, sauri yake yi, amma mahaifiyarsa ta hore shi kada ya wuce gidan rasuwa. Ya zauna a kujerar kusa da ni.

Suhaib ya fito da buta. Yaron bai dame shi ba, bai san fuskarsa ba. Bakin layi ya kalla, kamar yadda ya saba, ya ga motar. Ya kalli makullin da ke hannun yaron.

"Baba, shi ne."

Da Hausa ya faɗa. Rabon da in ji Hausa a bakinsa tun yana firamare. Don kada baƙon ya ji ne.

Na ce, "Na sani. Gaisuwar uwarka ya zo. Zuba masa."

Ya tsaya. Na sake cewa ya zuba. Ya zuba, rabi a kofi rabi a ƙasa, ya miƙa da dama kamar yadda aka koya masa. Yaron ya karɓa bai sha ba. Ya dube ni, ya dubi Suhaib, sai ya buɗe baki da wata Hausa mai tuntuɓe, irin ta wanda ya koya a ɗakin kakarsa.

"Baba, ni me na yi?"

Ashe jikan Kanawa ne, na unguwar Ƙuba. Mu da muka kwana a garin nan shekara da shekaru, mu ne za mu manta rabin baƙaƙen Madina suna jin Hausa.

Na faɗa masa. Ban ɗaga murya ba, kamar ina karanta awon riga. Ranar, da lokacin, da ƙofar. Birkin hannu. Mutum takwas. Bargo. Yana ji yana kallon ƙofarmu, kofin ya karkace gahawar tana ɗiga a farar rigarsa bai sani ba. Da ya iya magana ya ce motar yayansa ce, ranar ya fara fita da ita, an ja masa kunne duk inda ya tsaya ya ja birki. Bai san ƙa'idar layi ba, bai taɓa zuwa ba. Ya ce da ya fito daga fili ya tarar an lotsa masa gefe, har ya zagi mutanen layin. Nan ya rufe fuska da mayafi.

Suhaib ya dire buta a ƙasa a hankali. Ya zo gabana ya ce in tashi daga kujerar. Na ɗora ƙafata a kan buhun. Ya ce in tashi. Ɗan'inna ya miƙe, na ɗaga masa hannu.

Na ce, "Na rasa uwarka a layin nan ina kallo. Ba zan tashi in kalli yadda zan rasa ka ba."

Muryata ta yi wani iri, ban san dalili ba. Ya tsaya a kaina yana huci, na fi minti ina kallon maɓallin rigarsa. Yaron bai gudu ba, bai ma ɗago ba. Sai Suhaib ya juya ya shige gida, ya rufe ƙofa.

Saif bai shiga fili ba. Ana ta ihu can, yana zaune kusa da ni har aka kira magariba.

Juma'a, 12 ga Sha'aban

Na ce wa Ɗan'inna ya kwashe kayansa. Ya fara maganar motarsa, ya dubi fuskata, ya fasa.

Da na ɗaga kujerar ƙarshe buhun yana nan, ƙarfen babu. Ban san lokacin da Suhaib ya ɗauke ba. Ban tambaya ba.

Lahadi, 14 ga Sha'aban

Ba kujeru. Motoci, gawayi, ganga, komai ya dawo.

Saif ya zo da ƙafa tun azahar. Bai yi sallama ba, bai ƙwanƙwasa ba. Tsayawa ya yi a bakin ƙofarmu cikin rana, duk wanda ya kawo hancin mota sai ya ce masa nan ba a tsayawa. Sauran ƙofofin kuma yana bi yana leƙa taga, yana ce wa mutane su sauke birkin hannu. Wasu suka zage shi. Suhaib yana kallonsa ta tagar ɗaki daga farko har ƙarshe, ni kuma ina kallon ƙofar ɗakin Suhaib.

Talata, 16 ga Sha'aban

Suhaib ba ya magana. Yana cin abinci. Lambar tana nan a bango.

Alhamis, 18 ga Sha'aban

Na dawo daga sallar la'asar na kishingiɗa. Na ga Saif a bakin ƙofa da zan shigo, ya sunkuyar da kai, na wuce. Ban jima ba na ji ƙarar ƙarfe a tsakar gida, ƙal, kamar an buga shi a siminti.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ba takalmi, ba hula, na buge gwiwa da ƙofa. Ƙirjina yana duka har cikin kunne, ina kiran sunan Suhaib kamar mahaukaci.

Yana durƙushe a bayan motarmu, ya ɗaga ta, yana kwance tayar da ta sace. Ƙarfen ne ya suɓuce masa. Ya ɗago yana kallona, ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, iska na fito sha. Ya ce yau an buɗe Baƙi'a bayan la'asar, in zan je in sa takalmi.

Da ya gama ya goge ƙarfen da tsumma ya mayar da shi but. Na buɗe ƙofa, gabanta fili. Saif ya matsa gefe. Suhaib bai kalle shi ba, bai kuma yi masa ham ba, ya jira har ya gama matsawa. Muka fita a hankali tsakanin motoci. A wani wuri wata ta ɗan tare hanya, na sauka na tura ta da hannu ɗaya, ta gusa.

A Baƙi'a ban gane wurin ba, duk ƙasa ce da duwatsu. Suhaib ya gane. Na daɗe a tsaye. Ƙura ta yi yawa yau, idona ya yi ta ruwa har muka iso gida.

Gwiwar ta kumbura. Tana ciwo ƙwarai.